Bakteriyar Hanji da Cututtukan Gado: Inda Suke da Hannu da Inda Ake Ɗora Musu

Akwai wata cutar gado da likita kan rubuta wa yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sha kwana goma a kowane wata, alhali ba zazzaɓi yake yi ba, ba gudawa, ba ƙurji. Sunan cutar furofiyonik asidemiya, maganin kuma metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Abin da ake nema shi ne a rage bakteriyar da ke zaune lafiya lau a babban hanjin yaron, saboda wani sinadari da suke fitarwa kullum. Sinadarin ga sauran mutane amfani ne. Shi kuwa jikinsa ba ya iya kawar da shi, sai ya taru ya zama guba. Wanda ya gane dalilin wannan magani ya gane mafi yawan abin da ke tsakanin bakteriyar hanji da yadda jiki ke sarrafa abinci.

Mu fara da yawansu. An daɗe ana cewa bakteriyar da ke jikin mutum sun ninka ƙwayoyin jikinsa sau goma. A 2016 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka sake lissafin, suka samu kimanin bakteriya tiriliyan 38 a jikin babban mutum, ƙwayoyin jikinsa kuma tiriliyan 30. Kusan kunnen doki ke nan. Nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba, kuma kusan dukkansu a babban hanji suke. Inda suka yi mana fintinkau shi ne wajen kayan aiki. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, amma wani bincike da aka wallafa a 2010 ya ƙirga ƙwayoyin gado miliyan 3.3 a ƙananan halittun da ke hanjin mutane 124 na Turai. Ƙwayar gado umarni ce ta ƙera furotin, kuma da yawa daga cikin furotin ɗin nan inzayim ne, wato sinadarin da ke juya wani abu zuwa wani a cikin jiki. Ma'ana, akwai dubban ayyukan sarrafawa da ake yi a cikinmu waɗanda ba mu gada daga uwa ko uba ba.

Faiba ce misali mafi sauƙi, wato ɓangaren hatsi da ganye da wake da 'ya'yan itace wanda cikinmu ba ya iya narkarwa. Inzayim ɗin da jikinmu ke da su na narkar da sitaci da sukari ba su kai ashirin ba. Bakteriya guda ɗaya mai suna Bacteroides thetaiotaomicron tana da irinsu fiye da 200. Duk abin da ya kuɓuce wa ƙaramin hanji sai ya gangara wurinsu, su ruɓar da shi inda babu iskar oksijin, su fitar da wasu ƙananan asid guda uku: asitet, furofiyonet da butiret. Butiret shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon babban hanji, daga gare shi suke samun mafi yawan ƙarfinsu. Asitet yana shiga jini ya zaga jiki. Furofiyonet kuma hanta ce ke karɓar yawancinsa ta yi amfani da shi. Ban da wannan, bakteriyar suna ƙera bitamin K da wasu daga cikin bitamin B, suna sauya ruwan matsarmama, har wasu magunguna suna taɓawa. Akwai wadda ake kira Eggerthella lenta da ke iya kashe ƙarfin digokzin, maganin zuciya, tun bai shiga jini ba.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne hanya. Jinin da ya tashi daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Wata babbar jijiya ce ke tattara shi ta kai shi hanta. Saboda haka duk abin da bakteriya suka fitar ya shiga jini, mai kyau da marar kyau, hanta ce ke fara cin karo da shi. Kuma da yawa daga cikin inzayim ɗin da cututtukan gado ke lalatawa a hanta suke aiki.

Maganar bakteriya da ƙiba ita ta fi yin suna, don haka sai a taɓa ta ko da a gurguje. A ɗakin binciken Jeffrey Gordon a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis na Amurka, ana kiwon ɓeraye a cikin rufaffun akwatunan roba, iskarsu a tace, abincinsu da ruwansu a tsabtace, ta yadda babu ko ƙwayar bakteriya ɗaya a jikinsu tun haihuwa. A 2004 aka sa wa irin waɗannan ɓeraye bakteriyar ɓeraye na yau da kullum. Cikin kwana 14 kitsen jikinsu ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, duk da cewa cin abincinsu ya ragu. A 2013 suka ɗauko bakteriyar tagwaye mata, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka sa wa ɓerayen. Waɗanda suka karɓi na mai ƙiba sun fi tara kitse.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Da aka gwada dashen bakteriyar siraran mutane ga maza masu ƙiba a Amsterdam, rahoton 2012 ya nuna jikinsu ya fi jin insulin bayan mako shida. Binciken da ya biyo baya a 2017 ya nuna cewa zuwa mako na 18 amfanin ya gushe. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya dace a riƙa auna duk wani tallan "gyaran hanji" da shi: tasirin gaskiya ne, amma ƙarami ne, kuma ba ya daɗewa idan abinci da rayuwa ba su sauya ba. Ƙiba da ciwon sukari suna da sababi barkatai, rabon bakteriya a ciki yana da wuyar warewa.

Cututtukan gado na sarrafa abinci ba haka suke ba, shi ya sa suka fi koyar da mu. A nan matsalar guda ɗaya ce, an san sunanta, an san inda take. Likitan Ingila Archibald Garrod ne ya fara hango wannan a 1902, lokacin da yake nazarin mutanen da fitsarinsu ke yin baƙi idan ya sha iska. Ya lura abin yana bin dangi, ya ce lallai wani mataki ɗaya ne na sarrafawa ya tsaya tun daga haihuwa. Yau an san irin waɗannan cututtuka fiye da dubu. Kowacce ita kaɗai ba ta da yawa, amma idan aka haɗa su ba ƙananan mutane suka shafa ba. Yawancinsu ana gadonsu ne kamar yadda ake gadon sikila: uwa tana ɗauke da ƙwayar gado ɗaya mai matsala, uba ma haka, su biyun lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya haɗa biyun.

A ɗauki magudanar ruwa da ta toshe. Abin da ke gaban toshewar zai bushe, abin da ke bayanta zai taru ya yi ambaliya. Tunda ba a iya buɗe toshewar ba, dabarar da ta rage ita ce a rage ruwan da ke shigowa. To, famfo nawa ne ke zuba a ciki? An daɗe ana ƙirga biyu: abincin da aka ci, da naman jiki da kitsensa da jiki ke rushewa idan ana yunwa ko rashin lafiya. A wasu cututtukan akwai famfo na uku, shi ne bakteriyar hanji.

A furofiyonik asidemiya da 'yar uwarta metilmalonik asidemiya abin ya fito fili. Jaririn ana haifarsa kamar kowane jariri. Bayan kwana biyu ko uku da fara shan nono sai ya ƙi kama mama, ya riƙa amai, numfashinsa ya yi sauri, jikinsa ya saki, barci ya yi masa nauyi. Idan ba a gano ba ya faɗa doguwar suma. Sau da yawa akan zaci ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa, domin alamun iri ɗaya ne. Abin da ke faruwa shi ne furofiyonet da 'ya'yansa sun taru, jini ya yi tsami, amoniya ta hau, ƙwaƙwalwa tana shan wahala. Kimanin rabin furofiyonet ɗin daga amino asid huɗu yake fitowa (amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su), wato balin, aisolusin, metiyonin da tiriyonin, waɗanda ke cikin duk wani furotin. Wani kaso daga wani nau'in kitse. Kusan rubu'i kuwa daga bakteriyar hanji. A ƙarshen shekarun 1980 likitoci a Landan suka ba irin waɗannan yara maganin kashe bakteriyar hanji, suka ga sinadaran da ke fita a fitsarinsu sun ragu ƙwarai. Daga nan metronidazol ya shiga cikin maganin cutar, tare da taƙaita furotin da ba da wani sinadari mai suna kanitin.

Me ya sa kwana goma, ba kullum ba? Domin shan metronidazol na dogon lokaci yana iya taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, bakteriyar kuma suna iya sabawa da shi. Wannan ne ma ya sa likitocin waɗannan yara ba sa wasa da taurin bayan gida. Idan abinci ya daɗe a babban hanji, bakteriya sun samu lokaci, furofiyonet ya ƙaru, kuma hakan kaɗai na iya kwantar da yaro a asibiti. Ga kuma tsaka mai wuya: faibar da ke sauƙaƙa bayan gida ita ce kuma abincin da bakteriya ke yin furofiyonet da shi. Shawarar da ake ba kowa, ta cin faiba da yawa don "bakteriya masu kyau" su yawaita, ba a ɗaukarta haka kawai a ɗora wa wannan yaro. Rabon bakteriya gida biyu, masu kyau da marasa kyau, a nan yake rushewa. Bakteriyar ba su sauya hali ba, hantar da ke karɓar kayansu ce ta bambanta.

Cuta ta biyu ta fi wannan nuna hannun bakteriya, domin ba don su ba da babu ita kwata-kwata. Ana kiranta tirimetilaminuriya, ko cutar ƙarnin kifi. A cikin ƙwai da hanta da wake akwai sinadarin kolin, a jan nama akwai kanitin, kifin teku kuma yana ɗauke da wani sinadari makamancinsu. Wasu bakteriyar hanji suna yanka waɗannan su fitar da tirimetilamin, wanda shi ne ainihin abin da ke ba ruɓaɓɓen kifi warinsa. Wannan yana faruwa a cikin kowa. Amma hanta tana da inzayim mai suna FMO3 da ke juya shi nan take zuwa wani sinadari marar wari, ya fita a fitsari. Wanda ya gaji FMO3 mai rauni daga iyayensa biyu, tirimetilamin ɗin zai zaga jininsa ya fito a gumi da numfashi da fitsari. An fara bayyana cutar a 1970, aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta a 1997, sannan a 2012 masu bincike a Jami'ar Harvard suka gano inzayim ɗin da bakteriya ke yanka kolin da shi.

Cutar ba ta kisa, ba ta lalata wata gaɓa, amma tana rusa rayuwa. Yaro ana tsokanarsa a makaranta, babba ana kaucewa zama kusa da shi a wurin aiki, kowa yana zaton ƙazanta ce. Ya yi wanka sau nawa ma, warin daga jini yake fitowa. Wani abin takaici shi ne warin yana zuwa yana tafiya, yakan ƙaru bayan wani abinci, ko lokacin al'ada ga mata, ko lokacin damuwa, don haka mutum na iya zuwa gaban likita a ranar da babu komai, a sallame shi da cewa tunani ne kawai. Gwajin da ke tabbatar da ita na fitsari ne, galibi bayan an ba mutum kolin ko kifin teku ya ci, sai a auna yawan mai warin da marar warin. Yawancin magani a kan famfo na uku yake: rage abinci mai yawan kolin, gajeren zango na maganin kashe bakteriya idan abin ya tsananta, wani lokaci gawayin magani don ya kama sinadarin a hanji, da bitamin B2 don ya ƙarfafa ɗan abin da ya rage na inzayim ɗin. Ba a yanke kolin gaba ɗaya, domin jiki na buƙatarsa, musamman ga yara da masu juna biyu. Wani abin lura: yaran da ake ba kanitin mai yawa saboda furofiyonik asidemiya su ma wani lokaci sukan yi wannan ƙarnin, don bakteriya sun samu kanitin fiye da abin da hanta za ta iya bi.

Sinadarin marar wari da hanta ke fitarwa, TMAO, shi ma bai tsira daga zargi ba. A 2011 ƙungiyar Stanley Hazen a asibitin Cleveland ta danganta yawansa a jini da cututtukan zuciya, kuma har yanzu ana muhawara ko shi ke jawo cutar ko alama ce kawai.

Amoniya ma tana da nata labarin. Hanta tana juya amoniya zuwa yuriya don ƙoda ta fitar, amma wani kaso na yuriyar yana komawa hanji, inda bakteriya ke sake fasa shi ya koma amoniya. Ga masu ciwon hanta mai tsanani, rage wannan da laktulos da rifakzimin magani ne tabbatacce. Ga yaran da suka gaji matsalar ƙera yuriya kuwa, ginshiƙin magani shi ne taƙaita furotin da magungunan da ke kwashe naitirojin ta wata hanya, bakteriya suna gefe.

Daga nan hujja take fara yin sirara, kuma a nan ne ake yawan ɗora wa bakteriya abin da ba a tabbatar ba. Misali fenilketonuriya, wadda ake taƙaitawa da PKU. A 1934 wata uwa a Oslo ta kai wa likita Asbjørn Følling 'ya'yanta biyu masu naƙasar ƙwaƙwalwa, tana cewa fitsarinsu yana da wani irin wari. Ya ɗiga wani sinadarin ƙarfe a fitsarin, ya koma kore. Daga nan aka gano cewa jikinsu ba ya iya sarrafa amino asid mai suna fenilalanin. A 1953 Horst Bickel da abokan aikinsa a Birmingham suka nuna cewa abinci mai ƙarancin fenilalanin yana taimakawa, a farkon shekarun 1960 kuma Robert Guthrie ya ƙirƙiro gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri. Yaron da aka gano da wuri yana tashi da cikakken hankali, amma a kan abinci mai tsauri: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara ta yau da kullum, sai wani haɗin amino asid na musamman da kayan sitaci da aka cire wa furotin.

Binciken da aka yi a Italiya da Burazil ya nuna bakteriyar hanjin yara masu PKU sun bambanta da na sauran yara, a wasu an ga ƙarancin masu ƙera butiret. An ga irin wannan bambanci ga masu cutar taruwar gilaikojin (sukarin da hanta ke adanawa), waɗanda ke shan ɗanyen garin sitacin masara duk bayan 'yan sa'o'i don kada sukarin jininsu ya faɗi. Tambayar ita ce, cutar ce ta sauya bakteriyar, ko abincin? Yaron da ya shekara goma yana cin abin da babu wanda ke ci a gidansu, dole hanjinsa ya bambanta. Wani babban bincike na 2018 a kan mutane fiye da dubu a Isra'ila ya nuna cewa abinci da magunguna da zama gida ɗaya sun fi ƙwayoyin gado tasiri nesa ba kusa ba wajen tsara bakteriyar mutum. Ga kuma ƙarancin marasa lafiyar: irin waɗannan bincike galibi a kan yara ashirin ko talatin ake yinsu, kowanne da nasa abincin da nasa maganin. Ganin bambanci ba ya nufin bambancin ne ke cutarwa, balle a ce wani kwalin bakteriya na kanti zai gyara shi. Ni dai ban ga hujjar da za ta sa iyayen irin wannan yaro su ƙara masa wani abu a abinci ba tare da likitansa da mai tsara masa abinci sun sani ba. Dashen bayan gida ma, wato sa wa marar lafiya bakteriyar bayan gidan mai lafiya, wanda ya tabbata yana warkar da gudawar bakteriyar Clostridioides difficile mai yawan dawowa, ba wasa ba ne. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da mutuwar wani mai raunin garkuwar jiki bayan an dasa masa bayan gida mai ɗauke da bakteriyar da ba ta jin magani.

Sauran tunani ɗaya, wanda ya fi kowanne jan hankali. Idan bakteriya za su iya ƙara guba, me zai hana a sa su su cinye ta? An gwada wannan da gaske. A cutar gado ta yawan okzalet, hanta tana ƙera sinadarin okzalet fiye da kima, ya zama tsakuwa a ƙoda har ƙodar ta mutu. Akwai kuma bakteriya mai suna Oxalobacter formigenes wadda ba ta da wani abinci sai okzalet. Wani kamfanin Suwidin ya sa ta a kwanson magani, aka yi gwaje-gwaje na shekaru, amma gwajin ƙarshe bai nuna amfanin da ake nema ba. Maganin da ya yi nasara, lumasiran, wanda aka amince da shi a 2020, allura ce da ke rage ƙera okzalet a hantar kanta.

An yi irin wannan yunƙuri a PKU. Kamfanin Synlogic na Amurka ya ɗauki wata bakteriyar hanji, E. coli marar cutarwa, wadda likitan Jamus Alfred Nissle ya ware a 1917 daga wani soja da gudawa ba ta kama shi ba a fagen yaƙi, ya dasa mata ƙwayoyin gadon inzayim masu cinye fenilalanin. Da mutane suka sha, an ga ragowar fenilalanin da aka fasa tana fita a fitsarinsu, wato bakteriyar tana aiki a cikin hanji. Amma a watan Fabrairun 2024 kamfanin ya dakatar da gwaji na mataki na uku, wato babban gwajin da ake yi kafin a amince da magani, ba don wata illa ba, sai don alamu sun nuna ba zai kai ga sakamakon da aka sa a gaba ba.

Dalilan wahalar ba ɓoyayyu ba ne. Ƙaramin hanji yana tsotse amino asid da sauri, tun kafin abinci ya kai inda bakteriya suka fi jin daɗin zama. Baƙuwar bakteriya tana shiga wurin da tiriliyoyi suka riga suka kama, kuma da gangan ake ƙera ta yadda ba za ta zauna ta hayayyafa ba, don haka sai an riƙa sha da yawa kullum, abin da ke jawo tashin zuciya da ciwon ciki. Sannan a cututtuka irin na okzalet da PKU ba bakteriya ne ke ƙera gubar ba, ana roƙonsu ne su janyo ta daga jini ko su riga hanji kamawa. Wannan ya fi wuya ƙwarai a kan rage abin da su da kansu suke zubawa. Inzayim ɗin da aka dasa wa waccan E. coli, irinsa ne ke cikin maganin PKU mai suna pegbaliyes da Amurka ta amince da shi ga manya a 2018. Shi ma daga wata bakteriya aka samo shi, Anabaena variabilis, amma allurarsa ake yi a ƙarƙashin fata ya shiga jini, kuma yana sauke fenilalanin sosai, duk da cewa jiki kan yi masa bore har a wasu lokuta ya kai ga mummunan rashin jituwa da ke buƙatar agajin gaggawa.